Ƙira Sai Da Maƙeri: Wa Za A Danƙa Wa Ragamar Cibiyar Ƙere-Ƙere?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, akwai wata magana da ta yi tashe a jami'o'in ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, watau maganar kafa cibiyar bincike ta ƙira da kwamfuta wadda za ta haɗa gwiwa da masana'antu. Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba, domin tun 1992 ta kafa hukumar NASENI don raya ƙere-ƙere, a 2020 kuma hukumar NITDA ta buɗe wata cibiya ta fasahar zamani a Abuja, daga baya ta ƙara mata ɗakin ƙira. Ko ba daɗe ko ba jima irin waɗannan cibiyoyi za su yawaita a jami'o'inmu na Arewa, har da na ƙasar Sakkwato. Ni kam ba ni da ja a kan kafa su. Inda nake da ja shi ne mutumin da za a danƙa wa ragama, da kuma mudun da za a auna aikinsa da shi. Don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye, ga abin da nake cewa tun da fari: duk wanda aka ba shugabancin irin wannan cibiya a ƙasarmu, in har ya gama wa'adinsa alhali maƙeri da bakanike da mai walda na gari irin Dandin Mahe ba su san da zamansa ba, to, ya ci albashin banza, ko da kuwa ya cika kabad goma da takardun yarjejeniya.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa, domin ƙira da kwamfuta ba tsafi ba ce. Mutum ne zai zauna gaban kwamfuta ya zana siffar abin da yake so, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, har zuwa abin da bai kai milimita guda ba, sa'an nan ya tura zanen ga inji. Injunan kuwa iri-iri ne. Akwai mai sassaƙa, wanda ke bin umurnin kwamfuta yana fiƙe dunƙulen ƙarfe har abin da aka zana ya fito. Akwai mai yanka fallen ƙarfe ko katako da tsinin haske. Akwai kuma injin ɗab'in siffa, wanda ke narka zaren roba yana ɗora shi hawa-hawa, kamar yadda maginiya ke ɗora yumɓu in tana ginin tulu, har abin ya tashi. Amfanin wannan hanya biyu ne. Abin da aka zana sau ɗaya ana iya fitar da shi sau ɗari ba tare da awo ya goce ba, kuma ba sai an gina ƙatuwar masana'anta ba kafin a ƙera guda goma. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, wani asibiti a lardin Brescia na ƙasar Italiya ya rasa wani ɗan ƙaramin bututu da ake haɗawa da na'urar numfashi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Isinnova ya auna tsohon bututun, ya zana shi, ya ɗaba'a wajen guda 100 cikin kwana ɗaya. Ku lura, masu injin ne suka taka suka je inda ake da buƙata, suka auna da hannunsu.

To, sai mu tambaya, su wane ne masana'antun da za a haɗa gwiwa da su? Da jin wannan kalma zuciyar ɗan boko takan tafi ga dogon bututun hayaƙi da babban ƙyaure da manaja mai kwat. Irin waɗannan kuwa nawa suka rage mana? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta da aka soma ginawa tun zamanin da iyayenmu ke samari har yau bai narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Wanda ya zagaya Bompai da Sharaɗa a Kano zai ga gine-ginen da ciyawa ta cinye. A ƙasar Sakkwato babbar masana'antar da kowa ya sani ita ce ta siminti da ke Kalambaina, wadda aka kafa a 1962, ta fara aiki a 1967, yanzu kuma tana cikin kamfanin BUA Cement. Lalle ya kamata a yi hulɗa da ita, zan ma dawo kan wannan. Amma shugaban da ya ɗauka cewa daga ƙofar jami'a a Dundaye zuwa ƙofar Kalambaina iyakar duniyar masana'antu ke nan, ya bar jaki yana dukan taiki. Binciken da hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2017 ya ƙidaya ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 41 a Nijeriya, fiye da kashi 99 cikin 100 kuwa ƙanana ne ainun, waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba. Can arzikin ƙasa yake, can kuma hannun da ke ƙira yake.

Ni ɗan Dandin Mahe ne, a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabtan Boɗinga, saboda haka bari in faɗi masana'antun da na tashi na gani. Akwai maƙera, inda ake ƙera kalme da galma da lauje da gatari. Akwai mai injin niƙa da mai injin markaɗe, waɗanda in suka tsaya yini guda matan unguwa duka sai sun koma ga turmi da dutse. Akwai bakaniken babur, da mai walda da ke haɗa ƙofofi da amalanke. Akwai mai gyaran injin ban ruwa, wanda ran manomin rani ke hannunsa. Waɗannan mutane ba su da takarda mai tambari, ba su da sakatare, amma kowace safiya akwai abin da ya karye a gabansu wanda ake jira su ɗora. Ku ɗauki injin ban ruwa kaɗai. Farfelar da ke cikinsa ta cinye, ko murfinsa ya tsage, a tsakiyar rani, albasa ta fara ƙwai. Albasa ba ta san an tafi Sakkwato neman kayan gyara ba, in ta kwana uku ba ruwa sai ta nuna. In ba a samu a Sakkwato ba sai a aika Kano, na Kano kuwa daga waje ya sayo da dala. Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga kuma janye tallafin mai da ya ninka kuɗin mota. Manomin da ya ci bashin iri da taki, shi ne ke biyan duk wannan. Cibiyar da ke da injin da zai fitar da wannan farfela cikin yini ɗaya, amma ba ta ma san ana nemanta ba, me za mu kira ta?

Na san irin shugaban da aka saba naɗawa a wurare irin waɗannan, ku ma kun san shi, ba sai na kama suna ba. Ana duba wanda ya fi daɗewa a kan layi, ko wanda ya taimaka aka ci zaɓen wani, ko wanda aka rasa inda za a ajiye shi, a ce ga kujera. Shekararsa ta farko ta tafi wajen neman mota da gyaran ofis. Ta biyu ya tafi ƙasashen waje ganin yadda ake yi. Ta uku a sauke injuna daga jirgi, a gayyato manyan baƙi, a yanka ƙyalle, a ci kaji, a ɗauki hoto. Bayan watsewar taro sai a tarar ba a horar da wanda zai tada injin ba, ko wani ɗan ƙarfe ya ɓace a hanya, ko wuta ba ta isa ba, sai a lulluɓe shi da tamfol a kulle ɗaki, makulli a aljihun mutum ɗaya. In ka tambayi haɗin gwiwa da masana'antu sai a ɗauko maka hoton mutum biyu suna musafaha, kowa riƙe da fayil. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kuɗin da aka kashe kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i a zamanin shugabancin Attahiru Jega, ya zama TETFund a 2011, dukiyar al'umma ce, ta mai kalme ce kamar yadda take ta mai digiri.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ɗauki darasi. A nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da aka kafa a 1982, wadda masana irin su Farfesa Abubakar Sani Sambo suka shugabanta. Cibiya ce da ta yi abin a yaba. Ta ƙera murhu mai tsimin itace, da na'urar dafa abinci da ta shanya kaya da zafin rana, ta sa wutar hasken rana a ƙauyen Kwalkwalawa, ta kafa injin iska a Sayya Gidan Gada. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Amma ku leƙa madafan ƙauyukanmu, har yau murhun duwatsu uku ne ke mulki, har yau tumatir da tattasai a ƙasa ake shanya su ƙura na hawa. Laifin ba na masu bincike ba ne su kaɗai, domin tsakanin samfuri guda da ke ɗakin gwaji da guda dubu da ke kasuwa akwai wani kogi mai faɗi, wanda ke haye shi da kaya kuwa shi ne mai sana'a. Jami'a ba ta iya ƙera murhu dubu goma ta kai kasuwa-kasuwa. Mai walda ne zai iya, in an nuna masa awo, in ya ga riba, in ya san inda zai koma ya yi tambaya. Duk shugaban sabuwar cibiya da bai zauna ya yi nazarin wannan kogi ba, zai sāke tara samfura ne don baje koli.

Maƙwabtanmu na Gana sun riga mu gane wannan. A 1972 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta kafa wata cibiya ta ba masu sana'a shawara. Da tafiya ta yi tafiya sai shugabanninta suka lura cewa masu sana'ar ba su shigowa jami'a, ƙofa da mai gadi da Turanci sun tare su. Saboda haka wajen 1980 suka ɗauki injunansu suka kai tsakiyar Suame, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, kwatankwacin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, suka buɗe reshe a can. A nan aka koya wa mutane aiki da injin sassaƙa ƙarfe da narka baƙin ƙarfe, har masu sana'ar Suame suka shiga zuba faifan injin niƙa da kansu, abin da a da sai an sayo daga waje. A 1987 gwamnatin Gana ta ɗauki wannan tsari ta baza shi zuwa sauran jihohinta. Haka kuma ɗakunan ƙira na zamani da ake kira Fab Lab, waɗanda suka samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka. Cikin na farko-farko da aka buɗe a wajen Amurka akwai na ƙauyen Pabal a Indiya a 2002, da na makarantar koyon sana'a ta Takoradi a Gana a 2004. A Lome ta ƙasar Togo ma, a 2013, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya harhaɗa injin ɗab'in siffa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. In Pabal ta iya, me zai hana Shagari?

Ko a ƙasashen da suka ci gaba ba a ba da wannan kujera don tsufa. Cibiyar binciken ƙere-ƙere ta jami'ar Sheffield a Ingila, wadda aka kafa a 2001 tare da kamfanin jiragen sama na Boeing, mutum biyu ne suka assasa ta, farfesa Keith Ridgway da wani ɗan kasuwa Adrian Allen, watau mai ilmi da wanda ya san bakin masu saye. A Jamus kuwa cibiyoyin Fraunhofer kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu kawai gwamnati ke ba su kai tsaye, sauran sai sun nemo da aikin kwangilar bincike. Shugaban da ba wanda ke son aikinsa, asusunsa ne zai tona shi. Mu kuwa a nan mutum yakan yi shekara huɗu ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa da karyayyen ƙarfe, a kuma yi masa liyafar ban kwana a ce ya yi ƙoƙari.

Kada wani ya ce wannan ra'ayi baƙo ne. Mu da muke zaune kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, bai kamata a koya mana shi daga Kumasi ba. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya kuma yi umurni a rarraba su a kowane gari da ƙauye. Watau shekara ɗari biyu da suka wuce an riga an fahimci cewa sana'a ba a tara ta wuri ɗaya a kulle. Unguwar Maƙera Assada da ke cikin birnin Sakkwato tana nan har yau ana bugun ƙarfe. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu, da sauran da ke kewaye da ita, su suka fi kowa cancantar su raya wannan wasiyya.

Na san za a kawo mini hujjoji, bari in tare su tun kan hanya. Wani malami zai ce jami'a ba gareji ba ce, aikinta bincike ne mai zurfi, kuma da maƙalu ake samun ƙarin girma. Gaskiya ne da maƙalu ake hawa, wannan kuwa shi ne ciwon. Amma wa ya ce farfelar injin ban ruwa ba bincike ba ce? Me ya sa take saurin cinyewa a ruwan fadamarmu mai yashi? Wane haɗin ƙarfe ne zai fi jurewa? Wace siffa ce za ta ɗebo ruwa da yawa da mai kaɗan? Kowace tambaya a nan ta isa digiri na biyu, amsarta kuma wani zai ci abinci da ita. Aikin shugaba ne ya tsaya gaban majalisar jami'a ya yi faɗa har a yarda cewa abin da aka ƙera ya shiga kasuwa yana da maki wajen ƙarin girma kamar maƙala. Wanda ba zai iya wannan faɗa ba, ya bar kujerar.

Wani zai ce ai masu sana'ar nan ba su yi boko ba, ba su kuma da kuɗin biya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a maƙera ba. Mutumin da ke duban launin ƙarfe a wuta ya san lokacin da zai tsoma shi a ruwa, ya san abin da littafin injiniya ke kwatantawa da lambobi. Ku dubi maƙeran fari masu zubin tukwanen sanholo. Sukan danna samfuri cikin danshin yashi, su zare shi, su zuba narkakken sanholo a gurbin. Abin da ke ba su wuya shi ne samun samfuri mai daidaitaccen awo in abin sabo ne. Nan ne injin ɗab'in siffa zai shigo: a zana murfin inji ko fuli, a ɗan ƙara masa girma saboda sanholo yakan tsuke in ya huce, a ɗaba'a shi da roba, a miƙa wa maƙeri ya zuba ɗari. Kwamfuta ta yi awo, maƙeri ya yi zubi, kowa ya ci. Wannan ma ya amsa wa masu tsoron cewa injin zai kashe ƙira ta gado. Abin da ke kashe ta shi ne kayan waje masu araha da ke cika kasuwa alhali ɗan maƙeri ya gudu birni yana acaɓa. Ba kuma kowane abu ne za a iya yi a gida ba, boris da makamantansa sai babbar masana'anta. Sanin wanda za a iya da wanda ba za a iya ba, shi ne ilmin da muke nema ga shugaba. Batun kuɗi kuwa, manomin da ke biyan kuɗin mota zuwa birni sau biyu don abu ɗaya, zai biya wanda ya kawo masa shi kusa.

Wani kuma zai ce babu wuta. Ƙaramin injin ɗab'in siffa bai kai dutsen guga cin wuta ba, rana kuwa in akwai abin da Allah ya wadata ƙasar Sakkwato da shi, to, ita ce. Ga cibiyar makamashi a cikin gida mai shekara fiye da 40 tana aikin hasken rana. In shugabannin cibiyoyi biyu da ke cikin jami'a ɗaya ba su iya haɗa kai ba, da wane baki za su ce za su haɗa kai da kamfani?

Saura hujjar da ta fi shafarmu mu ɗaliban Hausa, watau masu cewa me ya haɗa mu da wannan zance, kuma wai Hausa ba ta da kalmomin injiniya. Haɗin gwiwa magana ce, magana kuwa da harshe ake yin ta. Injiniyan da ba zai iya bayyana wa mai walda awo da Hausa ba, da mai waldan da ba zai iya karanta zanen injiniya ba, ko an zaunar da su a tabarma ɗaya ba su haɗu ba. Harshen da ke da uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi da magagari, wanda kuma ya hora baƙin kalmomi ya mai da su boris da fuli da giris da walda, ba za a ce masa matalauci ba. Abin da ya rage a bi masu sana'a a tattara abin da ke bakinsu, a daidaita, a ƙirƙiro wanda babu. An taɓa yin irin wannan aiki. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano tun 1969 take, a 1990 kuma aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. In an yi wa nahawu, me zai hana a yi wa ƙira? Abin kunya ne a ce fitaccen littafi a kan maƙeran birnin Kano, wanda ya fito a 1994, Bature ne, Philip Jaggar, ya rubuta shi, mu jikokin maƙera muna nan muna maimaita kundin digiri a kan jigo da salo. Ga Cibiyar Nazarin Hausa a jami'armu. Shugaban cibiyar ƙira da ya san abin da yake yi, ƙofarta zai fara ƙwanƙwasawa, ya nemi ɗalibai su fita da littafi da rikoda, a fitar da jagorar aiki da boko da ajami, da bayani na murya da za a tura ta waya ga wanda bai iya karatu ba.

Saboda haka ga abin da nake kira ga duk majalisar da za ta zaɓi irin wannan shugaba. Da fari, kafin a sayi inji ko ɗaya, a ba shi wata shida ya zagaya kasuwanni da garejoji da fadamu daga Boɗinga zuwa Shagari har Tambuwal, ya dawo da littafin da ya rubuta abubuwan da suka fi karyewa, da kuɗinsu, da kwanakin da ake yi ana jiran su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan littafi shi zai faɗi injin da za a saya, ba ɗan kwangila ba. Na biyu, a horar da masu tada injuna da masu gyara su kafin injunan su iso, a kuma ba su albashin da zai riƙe su, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a buɗe reshe a wajen katangar jami'a, cikin masu sana'a, inda mutum zai shiga da baƙin mai a riga ba mai gadin da zai tambaye shi katin shaida. Na huɗu, a majalisar gudanar da cibiyar a ajiye kujerar Sarkin Maƙera da ta shugaban makanikai da ta wakilin manoman rani, da cikakkiyar ƙuri'a, a kuma yi zaman da harshen da suke ji.

Na biyar ya shafi manyan kamfanoni. A je Kalambaina da makamantanta, amma a je da ciniki, kada a je da ƙoƙon bara. Kamfanin siminti yana da ɗaruruwan ƙananan kayan gyara da yake sayowa daga waje. A nemi jerinsu, a zaɓi waɗanda za a iya yi a nan, a yi farashi, a rubuta ranar bayarwa, a sa sharaɗin ɗaukar ɗalibai koyon aiki. Ribar da aka samu daga babba ita za ta riƙe aikin ƙarami. A kuma rubuta tun farko wanda ya mallaki zane, domin hukumar NOTAP da aka kafa a 1979 tana nan don irin wannan, kuma in dabarar maƙeri ce ta gyara zanen, sunansa ya shiga takarda, rabonsa ya shiga aljihunsa. Na shida, kowace shekara shugaba ya manna rahoto a allo inda kowa zai gani: abu nawa aka ƙera, wa ya saya, nawa aka samu, masu sana'a nawa suka koyi wani abu, inji nawa ke aiki, nawa ke kwance. In shekara biyu ta wuce allon ba abin rubutawa, a sallame shi, a gwada wani.

Malamaina, ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Cikinku akwai waɗanda suka cancanci wannan kujera, waɗanda ba su jin ƙyamar zama a kan buhun gawayi su saurari tsoho yana bayani. Su muke roƙo a ba, ko da ba su ne suka fi kowa furfura ba. Ranar tantancewa kuwa, bayan an gama duba takardu, a sa masu neman kujerar a mota a kai su maƙera, a miƙa wa kowane ɗayansu karyayyar farfela, a ce ya yi wa mai maƙerar bayani da Hausa yadda cibiyarsa za ta taimaka a yi sabuwa, da ranar da za ta fito, da kuɗinta. Wanda maƙerin ya ce ya gane, shi ne shugaba. Mu kuma ɗalibai, hutu mai zuwa kowa ya ɗauki littafi ya nufi maƙerar garinsu ya fara rubuta sunayen kayan aiki, kada ranar ta zo a neme mu a rasa.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa, amin.